Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon yini ɗaya zuwa tsoffin garuruwan kan dutse a Sifaniya da Fotugal

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya ne, wato irin tafiyar nan da ake ɗaukar mutum a bas da safe daga babban birni a kai shi wani tsohon gari mai kagara ko fada a kan dutse, da ɗan jagora yana bayani, a dawo da shi da yamma. Na zaɓi guda biyar da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran, na ɗan gajarta wasu saboda wuri, ayi min afuwa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da taro na kwana huɗu a Madrid wata mai zuwa, kwana ɗaya ne kawai nawa na kaina. Na ga wani kamfani a intanet yana tallan garuruwa uku a yini ɗaya, Toledo da Segobiya da Abila, a bas, har da ɗan jagora. Kuɗin ma bai fi na gari ɗaya da wani abu mai yawa ba. Ai wannan garaɓasa ce ko? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji barka kadai. Tunda kai ɗan kasuwa ne bari mu yi lissafi tare. Toledo tana kudu da Madrid, wajen kilomita 70. Segobiya tana arewa maso yamma, wajen kilomita 90, kaga ke nan ba hanya ɗaya suke ba, in ka gama da Toledo sai ka sake ratso gefen Madrid ka haura tsaunuka kafin ka isa Segobiya, kusan awa biyu a mota. Daga nan Abila wajen awa ɗaya, sannan dawowa Madrid awa ɗaya da rabi. In ka haɗa, awa biyar ko fiye kana zaune a kujerar bas kana kallon titi. Ka cire lokacin abinci, da lokacin jiran mutum ɗaya da ya makara a shago, domin kullum sai an samu irinsa, abin da zai rage maka a kowane gari bai wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku.

Ni na yi irin wannan tafiyar karon farko da na je, shi yasa nake magana da zafi. Kamfanin da na bi sun sauke mu a Toledo, maimakon a fara da cikin gari sai aka wuce da mu wani shagon takubba da kayan ado na zinariya da ake dasawa a baƙin ƙarfe, sana'ar da garin ya shahara da ita, muka yi minti kusan arba'in a ciki ana nuna mana kaya. Da muka fito aka ruga da mu ta lunguna, aka nuna mana babbar coci daga waje, aka ce ku ɗauki hoto mu tafi. Abin da ya kai ni garin tun farko, wato ƙaramin masallacin Bab al-Mardum, ko ƙofarsa ban gani ba. Wallahi na koma otal ranar zuciyata babu daɗi, sai da na sake komawa bayan kwana biyu ni kaɗai a jirgin ƙasa.

Don haka shawarata, ka ɗauki Toledo kaɗai ka ba ta yinin nan gaba ɗaya. Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Atocha minti talatin da ɗan wani abu ne, ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tun da wuri domin kujerun sukan ƙare, musamman na yamma. In kuma ka fi son bas ɗin kamfani saboda kar ka ɓata, toh nemi wanda ya rubuta yini guda a Toledo, ka kuma tambaye su a rubuce wuraren da za a shiga ciki da waɗanda za a tsaya a waje kawai.

Me yasa Toledo? Garin gaba ɗayansa a kan dutse yake, kogin Tajo ya zagaye shi ta gefe uku kamar gwalalo, a can ƙololuwa kuma ga Alcázar, wani ƙaton gini mai kusurwa huɗu da hasumiya a kowace kusurwa. Sunan ma daga Larabci ne, alƙasar, wato fada. Ginin da za ka gani yanzu siffarsa ta ƙarni na 16 ce, zamanin sarki Carlos na 5, kuma an rugurguza yawancinsa a 1936 lokacin yaƙin basasar Sifaniya da aka yi masa ƙawanya sama da wata biyu, daga baya aka sake gina shi, yanzu gidan tarihin soja ne. Amma gaskiya ba Alcázar ce ta fi kama ni ba. Larabawa suna kiran garin Ɗulaiɗila, ya yi shekara sama da 370 a hannun Musulmi har sarki Alfonso na 6 ya karɓe shi a 1085, kusan zamanin da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ganuwar birni. Dandalin tsakiyar gari sunansa Zocodover, daga suƙ ad-dawabb, kasuwar dabbobi, kamar dai mu ce kara. Gadar da za ka tsallaka in ka taho daga tasha a ƙafa sunanta Alcántara, alƙanɗara, gada kenan da Larabci. Shi kuma masallacin da na faɗa maka, an gina shi a 999, ɗan ƙarami ne, faɗinsa wajen mita 8 tsawonsa ma haka, ginshiƙi huɗu da ƙananan ƙubbobi tara, kowace da irin zanenta daban, kuma a fuskar ginin akwai rubutun kufi da aka jera da jan bulo mai ɗauke da bismilla da sunan wanda ya gina shi da kuɗinsa, Ahmad ibn Hadidi. An mayar da shi coci daga baya, yanzu a allon hanya Cristo de la Luz za ka gani, da wannan sunan za ka nema. A wannan garin ne kuma a ƙarni na 12 aka zauna ana fassara littattafan Larabci zuwa Latin, har da babban littafin likitanci na Ibn Sina, wanda makarantun Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantarwa. Ka faɗa min Alhaji, ta yaya za a gama wannan cikin awa ɗaya da rabi?

Kafin ka bar garin ka hau tasi ko ƙaramar motar masu yawon buɗe ido zuwa Mirador del Valle, wani tudu a tsallaken kogi, daga nan ne ake ganin garin duka a tafin hannu.

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne, zan je Lisbon hutun kwana uku kuma ina son zuwa Sintra. Aljihuna ba nauyi. Dole ne sai na biya ɗan jagora, ko zan iya da wayata kawai? Daga wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a Faransa.

Amsa: Ɗan'uwa zuwan kam ba sai da kowa ba. Ka je tashar Rossio a tsakiyar Lisbon ka hau jirgin ƙasa, minti 40 ka sauka a Sintra, kuɗinsa kuma ba shi da yawa. A bakin tasha akwai bas mai lamba 434 da ke hawa dutsen, ya bi ta kagarar Musulmi ya wuce fadar Pena ya sauko cikin gari. Ba a barin motocin baƙi su hau wannan hanyar yadda suka ga dama, don haka ko ka yi hayar mota ba za ta amfane ka ba. Abin da zai iya ɓata maka rana shi ne tikitin Pena, domin na shiga cikin fadar da lokaci a jikinsa, in an rubuta ƙarfe 10 toh ƙarfe 10 ake nufi, kuma daga ƙofar lambu zuwa ita kanta fadar hawa ne mai ɗan nisa, ga layin bas a ƙasa. Ka saya a shafin Parques de Sintra, su ne ke kula da wuraren, ka ɗauki lokacin farko na safe, ka baro Lisbon da sassafe.

Yanzu maganar jagora. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma gaskiya ne, amma ka bambance abu biyu. Akwai wanda direba ne kawai da ya haddace jimloli biyar, ya sauke ka a ƙofa ya ce mu haɗu nan da awa ɗaya, akwai kuma jagora mai lasisi da zai shiga da kai yana nuna maka abin da idonka ba zai kama ba. Na farkon bas 434 ma ya ishe ka. Na biyun shi ne ya cancanci kuɗinka, kuma in aljihu ba nauyi akwai masu zagayen ƙafa a cikin gari da ba su da tsayayyen farashi, in an gama kowa ya ba da abin da ya ga ya dace. Dan Allah in ka bi irinsu kar ka sulale ba ka ba da komai ba, da shi suke ci.

Kuma ina roƙonka kar ka yi abin da mafi yawa ke yi, su ruga Pena saboda launin ja da ruwan ɗorawa da ke kyau a hoto su tsallake kagarar da ke ƙasa da ita kaɗan, Castelo dos Mouros. Pena ba tsohuwa ba ce can, sarki Fernando na 2 ne ya sayi kangon wani gidan ibada da girgizar ƙasa ta 1755 ta lalata, ya saya a 1838, ya gina fadar shaƙatawa a wurin, ya cakuɗa salon gini kala-kala har da na Larabawa don sha'awa. Sarautar ma ba ta daɗe tana morarta ba, a 1910 aka kawar da mulkin sarakuna a Fotugal. Ita kuwa kagarar Musulmi tun ƙarni na 8 zuwa na 9 take, ganuwa ce da ta bi kan duwatsu tana hawa tana sauka, sama da mita 400 daga matakin teku, daga kanta kana hango tekun Atlantika da duk hanyar da maƙiyi zai biyo zuwa Lisbon. Ta faɗa hannun sarki Afonso Henriques a 1147, shekarar da ya ci Lisbon. In ka shiga ka nemi matattarar ruwan sama da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, da ramukan da aka fafe a jikin dutse don adana hatsi, rumbu kenan. Nan ne za ka gane dalilin gini a kan dutse, kai ɗan Zariya ai ka san Kufena, mai sama yana ganin mai zuwa tun daga nesa, amma dutse ba ya ba da ruwa ba ya ba da abinci, duk kagarar da ba ta tanadi waɗannan biyun ba ƙawanyar sati biyu ta ishe ta. Jagoran kirki da wannan zai fara, zai kuma faɗa maka gaskiya cewa wani ɓangare na ganuwar gyaran ƙarni na 19 ne da shi wannan sarki Fernando ya sa aka yi.

Ka riƙe rigar sanyi ko da Lisbon na zafi, Sintra hazo gare ta, wani lokacin fadar ma ɓacewa take cikin gajimare. In kuma tsakiyar bazararsu ne ka duba sanarwa da safe, sukan rufe wuraren kan dutsen ranar da ake fargabar gobarar daji.

Tambaya: Malam ina wuni. Yayana da ke zaune a Turai ya gayyace mu ni da mahaifiyarmu, tana da shekara 71 kuma tana fama da ciwon gwiwa. Tana son ganin waɗannan wuraren sosai domin tana jin labarin Andalus tun a makarantar Islamiyya. Wanne za ta iya, wanne ba za ta iya ba? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya ya saka miki da alheri da kika tambaya tun kafin ku tashi. Zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye, an gina wuraren nan ne don su wahalar da mai hawa, don haka kar ki yarda da tallan da ya ce kowa zai iya.

Kagarar Musulmi ta Sintra ku bar ta, matakalan dutse ne ƙanana marasa daidaito, wani wurin ko abin dafawa babu. Pena za ta iya in kun biya ƙaramar motar da ke ɗaukar mutane daga ƙofar lambu zuwa gindin fadar, ta zauna a farfajiya ta sha kallo. Toledo akwai sauƙi ta wani gefen, domin an yi matakala mai tafiya da kanta da ke hawa da mutane daga ƙasa har cikin gari, kuma akwai wata doguwar mota mai kama da jirgin ƙasa da ke tashi daga kusa da Zocodover ta zagaya da ku har tsallaken kogi kuna zaune, amma lungunan ciki hawa da gangara ne kuma daɓen duwatsu ne, keken guragu ma wahala yake sha. A ganina Segobiya ta fi mata. Za a sauke ku a gindin doguwar gadar ruwan nan ta Rumawa mai shekara kusan dubu biyu, tsayinta ya kai mita 28 a wani wurin kuma an jera duwatsunta ba siminti ba laka, wannan tana tsaye a ƙasa za ta gan ta. Daga nan zuwa Alcázar ɗin garin tafiya ce ta minti ashirin ga mai lafiya, ku sai ku hau tasi. Fadar tana kan wani dutse mai tsini inda koguna biyu suka haɗu, ɗakunan da ake zagayawa yawanci a hawa ɗaya suke, rufinsu da irin sassaƙen magina Musulmi da suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin sarakunan Kirista, kodayake gobarar 1862 ta ci da yawa an sake yin su. Hasumiyar kuwa mai matakala 152 a murɗe, tikitinta daban ne, kar ku saya mata. Ki sani kuma tashar jirgi mai sauri ta Segobiya tana bayan gari, sai an ƙara da bas ko tasi.

Abu mafi muhimmanci, kar ku sa ta cikin ayarin mutum hamsin. Jagoran ayari yana bin agogo ne, zai yi gaba da tutarsa, Mama za ta riƙa jin nauyin tana tsayar da mutane, ta takura kanta ta kwana da ciwo. Ku haɗa kuɗi da yayanku ku ɗauki jagora naku na awa biyu ko uku, ku gaya masa tun farko akwai dattijuwa. A sama mata takalmi mai taushin ƙasa da ke riƙe ƙafa, banda silifas, doguwar riga kuma kar ta riƙa jan ƙasa saboda matakala. In watan Yuli ko Agusta ne zafin Toledo yakan kai digiri 40, kun saba da zafi a Maraɗi na sani, amma ba a hawan dutse da tsakar rana ba. Afrilu, Mayu ko Oktoba sun fi.

Tambaya: Ya batun abinci da salla a irin wannan tafiya? Na ga wasu sun rubuta har da abincin rana a cikin kuɗin. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam in an ba ka zaɓi ɗauki tikitin da babu abinci. Abincin da Segobiya ke alfahari da shi gasasshen ɗan alade ne, cochinillo, wakensu ma da alade ake dafa shi, a Toledo kuma carcamusas da za ka gani a kowane gidan abinci shi ma alade ne. Ka haddace kalmomin nan, a Sifaniya cerdo da jamón da manteca, na ƙarshen kitsen alade ne kuma yana shiga har cikin wasu biskit da kek, a Fotugal kuma porco da banha. Jan abin shan nan mai 'ya'yan itace a ciki da ake kawowa a tulu, sangría, giya ce. Kifi shi ne mafita, Fotugal kam gidan kifi ce, sai wainar ƙwai da dankali ta Sifaniya, sai alewar mazapán ta Toledo da ake yi da almon da sukari, ka tambaya dai kafin ka ci. Ni dabino da gurasa da ruwa nake sawa a jaka. Ka lura kuma su sai wajen ƙarfe biyu suke cin abincin rana.

Salla kuwa ka fita da alwala da ƙaramar darduma, ka nemi gefen lambu inda ba ka tare hanya ba, ka sanar da jagora minti goma kake buƙata. Tsoffin masallatan da aka mayar coci ko gidan tarihi ba wurin salla ba ne yanzu, a babban masallacin Ƙurɗuba ma masu gadi hanawa suke, kar ka ja rigima. Batun ƙasaru, malamanmu na Malikiyya mil 48 suke faɗa, kusan kilomita 80, kaga Sintra ba ta kai ba daga Lisbon, Toledo ma da ɗan saura, Segobiya ta wuce. Wannan ga mazaunin can kenan, wanda ya taso daga Kumasi hukuncinsa ya danganta da kwanakin da ya yi niyyar zama, sai ka zauna da malaminka kafin tafiya.

Tambaya: Malam ni Alhambra ce burina tun ina yarinya. Za mu sauka a Malaga ni da maigidana, an ce ana zuwa a dawo a yini ɗaya. Gaskiya ne? Kuma wata ƙawata ta ce ita da ta je kuka ta yi ta yi, wai bai kamata Musulmi ya je yana kallon abin da aka ƙwace mana ba. Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Malama ana yi, daga Malaga zuwa Garnaɗa, garin da fadar Alhambra take, awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu a bas. Amma ki saurara da kyau, tikiti kafin komai, kafin otal ma. Adadin masu shiga a ƙayyade yake kullum, a lokacin cunkoso tikiti yakan ƙare makonni kafin ranar, da sunanki da lambar fasfonki ake sayarwa kuma za a nemi fasfon na ainihi a ƙofa, hoto a waya ba ya isa. Alhambra kashi uku ce, akwai Alcazaba wato kagarar soja, akwai lambunan Generalife, akwai fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa. Na ukun nan su ne zuciyar wurin kuma su ne ke da lokacin shiga, in kin makara an wuce. Wasu kamfanoni sukan sayar da tafiya mai araha da babu fadojin a ciki, sai mutum ya je ƙofa ya gane. Ki karanta da kyau, in ba ki ga Palacios Nazaríes, wato sunan fadojin, a rubuce ba kar ki biya.

A nan kam ina ba ki shawarar jagora, kuma in da hali mai karanta Larabci. Bangon fadojin cike yake da rubutu, ayoyi da addu'o'i da waƙoƙin Ibn Zamrak da aka sassaƙa a jikin gini da bakin maɓuɓɓugar zakuna goma sha biyu, ga kuma taken gidan sarautar da ke maimaituwa ko'ina, wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah. Mutane da yawa suna wucewa suna zaton ado ne kawai. Ke da kika yi allo za ki tsinci kalmomi da kanki, wannan daɗin ba kowane baƙo ke samunsa ba. Ki sa jagoran ya nuna miki yadda aka janyo ruwa daga kogin Darro ta magudana mai nisan kilomitoci har kan tudun, domin ba don wannan ruwan ba da ba a yi fada ba, da ba a yi lambu ba. Muhammad ibn al-Ahmar ne ya fara ginin a 1238, aka miƙa wa sarakunan Kirista makullan ranar 2 ga Janairu 1492.

Kukan ƙawarki na fahimce shi, nima na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro a wurin. Amma ban yarda da cewa kar a je ba. Alkur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na baya ya kasance. Kuma in kin samu jagora mai gaskiya zai faɗa miki duka, da alƙawuran da aka karya wa Musulmi bayan 1492 da tilasta musu barin addini da korar jikokinsu daga 1609, da kuma rigimar cikin gida, yadda sarki na ƙarshe Abu Abdullahi ya yi ta yaƙi da mahaifinsa da baffansa a kan gadon sarauta alhali maƙiyi na bakin ƙofa. Wanda ya ba ki rabi ɗaya ya ɓoye ɗayan bai cika aikinsa ba, ki yi masa tambaya. Kuma ke Bakatsiniya kina da alaƙa da garin fiye da yadda kike zato, Alhasan al-Wazzan wanda Turawa ke kira Leo Africanus a Garnaɗa aka haife shi kusan lokacin faɗuwarta, iyayensa suka yi hijira Fas, shi ne ya rubuta labarin Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara da Gobir a farkon ƙarni na 16, Turai ta daɗe ba ta san mu ba sai ta bakinsa.

In za ki ji tawa, ku roƙi kamfanin ya bar ku a Garnaɗa ku kwana ɗaya, ku koma Malaga da kanku washegari, bas na tashi a kai a kai. Domin ayarin yini ɗaya yakan juya tun la'asar, alhali abin da ya fi kyau sai dab da magariba. Ku hau unguwar Albaicín da ke tudun da ke fuskantar fadar, akwai ƙananan bas masu hawa daga tsakiyar gari. A can kusa da dandalin San Nicolás akwai masallacin da Musulmin garin suka buɗe a 2003, yana da lambu da ke kallon Alhambra kai tsaye, rana na faɗuwa bangon yana ƙara ja, dusar ƙanƙara na kan tsaunukan Sierra Nevada a bayansa in lokacin sanyi ne. Ku yi magariba a nan cikin jam'i, akwai wurin mata, sannan ku gangaro a hankali ta lungun masu shayi, akwai gidajen abincin halal na 'yan Maroko da yawa a wajen.